Hannun Golan Gamboru

Kwanakin baya na ratsa ta bayan tsohon filinmu na Bolori a keke napep, na ce wa direban ya ɗan rage gudu. Ba abin da ya saura na fili sai ƙarafan raga na gefen gabas, su ma wata baiwar Allah ta ɗaura igiya a tsakaninsu ta shanya zannuwa. Sauran wurin duk rumfunan leda ne da na buhu, na mutanen da aka koro daga garuruwansu, ga kwata ta ratsa daidai inda muke ajiye ƙwallo a tsakiya. Ban ji haushin kowa ba, wanda ya rasa gida ya fi mai neman wurin wasa buƙatar ƙasa. Sai dai tun daga ranar abubuwa suke ta dawo mini, ko ina zaune a ƙofar gida ko ina kan sallaya. Cin da muka yi da kofunan da muka ɗaga duk sun dushe a kaina. Abin da ya ƙi dushewa shi ne ɗan lokacin nan bayan alƙali ya busa usur na ƙarshe, sa'ad da mutanen da suka gama tokarin juna za su jeru layi biyu su bi juna suna gaisawa.

Na buga ƙwallo a zamanin da aka fara biyan mutum ɗan albashi don ya buga, mu kuwa muna ganin duniya ta gama yi mana komai. Ɗan baya ne ni, lamba biyar. Da an idar da sallar asuba muke fita, kafin rana ta buɗe ido, don kowa ya san ranar garin nan ba ta da wasa. Kafin a taɓa ƙwallo sai mun jeru mun tsince ƙaya da fasassun kwalabe, mu ɗebo ruwa a bokiti mu yayyafa a bakin raga don ƙura ta kwanta, wani ya bi layi da toka a gwangwanin da aka huda masa gindi. Ƙwallon da famfon keke muke hura shi, in ya yage a kai wa baduku ya ɗinke, haka ma takalmanmu. Riguna kowa shi yake wanke tasa, mu shanya a rassan darbejiya, mu zauna a inuwa muna jiran su bushe muna shan kunun gyaɗa. Ranar wasa kuwa tun daga nesa za ka ji ganga da algaita, masu rake da masu dafaffiyar gyaɗa suna kiran ciniki, tsofaffi sun kara rediyo a kunne suna sauraron wasan da ake yi a gaban idonsu. Mu kan cika mota mu nufi Bauchi ko Jos ko Kano, wani lokaci har mu ƙetara kogi zuwa kudu, mu kwana a hanya ba wanda ya tsayar da mu sai mai neman a rage masa hanya.

Kocinmu a lokacin wani gajeren dattijo ne da muke kira Ba Kyari, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Hausarsa duk Barbarci ya cinye rabinta. Yana iya yafe maka ka zubar da ƙwallo a bakin raga, yana iya yafe maka makara. Abu ɗaya ne ba ya yafewa, a tashi wasa ka juya ka tafi ba ka gaisa da abokan karawa ba. Har yadda za a yi sai da ya koya mana. Ka goge gumin tafinka a riga tukuna, ka kalli mutum a ido, kuma ka buɗe baki ka ce wani abu ko da sannu ce kawai. Ya kan ce, “Mutumin nan da ka yini kana shura, da bai zo ba da wa za ka buga? Je ka yi masa sannu da aiki.” Muna samari muna ɗaukar abin tsufa ne, mu yi don kada a ajiye mu a benci.

Ni sau ɗaya na karya dokar. Akwai wata ƙungiya ta 'yan kasuwa a garin nan, yawancinsu Inyamurai masu sayar da kayan gyaran mota, ɗan gabansu wani siriri ne mai suna Chidi. Ranar da muka haɗu sau biyu yana zura mini ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, 'yan kallo suna shewa, na biyun ma ya wuce ya ci. Da muka tashi sama neman wani ƙwallo sai na sakar masa gwiwar hannu, girarsa ta fashe. Alƙali bai gani ba. Da aka tashi an ci mu, na wuce benci na sunkuya ina kwance igiyar takalmi har layi ya watse. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar gidanmu da kekensa, ya gaisa da mahaifina, ya ce yana son aron ɗansa na awa ɗaya. Yana tura keke ina biye da shi a ƙasa har kasuwar Gamboru, har bakin shagon Chidi, wanda yake zaune da filasta a goshi. Ba Kyari ya ce masa, “Ga shi na kawo maka, jiya ya manta da wani abu.” Na goge hannuna a wando na miƙa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Chidi ya kama yana dariya, ya ce, “Lamba biyar, gwiwar hannunka ƙarfen mota ce?” Ya aika aka sayo mana lemon kwalba. Daga ranar muka ƙulla abota har gashinmu ya yi fari tare. Ya zo sunan 'ya'yana, na je bikin 'yarsa. Da masifar kashe-kashen nan ta yi tsanani ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu, ko sallama ta kirki ba mu samu mun yi ba. Shagon ya daɗe da kwaɗo a ƙofa kafin wani ya kama shi.

Wanda bai zauna a garin nan a shekarun ba, da wuya ya gane yadda gaisuwa ta zama abin tsoro. Mu da muke tsayawa a hanya mu tambayi mutum gida da yara da gajiya da zafi har a rasa wanda zai fara tafiya, sai ga mu muna ɗaga wa juna kai daga nesa muna wucewa. Ba ka san wa yake kallonka ba, ba ka san me za a ce gobe game da wanda aka gan ka da shi yau ba. Mutanen daji, kamar yadda muke kiransu don gudun ambaton suna, ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yan unguwanninmu ne, wasu mun san iyayensu, wasu har sun taɓa ɗauko mana ƙwallo a bayan raga. Aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fita tun rana ba ta faɗi ba, aka yi watanni waya ba ta shiga. Gidajen kallon ƙwallo da samari suke cika suna kallon 'yan wasan Turai suna rungumar juna suna musayar riga bayan an tashi, duk aka rufe su, don taro ya zama abin hari. Ni a lokacin na daɗe da ajiye takalmi, ina horar da ƙungiyar unguwarmu, ita ma ta watse. Daga baya samarin gari suka tashi da gora da adda suka kafa shingaye suna zaƙulo mutanen daji daga cikin unguwanni. Ba zan ci amanarsu ba, da taimakonsu muka samu muka yi barci. Amma a kwanakin, yatsa ɗaya in aka nuna mutum da shi ya isa a tafi da shi, kuma ba duk wanda aka tafi da shi ne ya dawo ba.

Da ƙura ta ɗan lafa, wasu manya suka shirya gasa tsakanin unguwanni, wai don samari su sami abin yi, a kuma nuna gari ya fara dawowa hayyacinsa. Na tattaro 'yan wasan da suka rage, muka koma atisaye. Kyaftin ɗina Modu ne, ɗan gaba, saurayi mai ƙarancin magana wanda tun yana ƙarami yake hannuna. Mahaifinsa tela ne a bakin titi, kuma shekara biyu kafin gasar wasu mutum biyu suka zo a babur da rana tsaka suka harbe shi a kan kekensa na ɗinki. Modu yana cikin shagon yana guga, ya ga komai. Tun daga nan maganarsa ta ƙara raguwa, amma a fili ba mai iya tare shi. Shi ya ja mu har wasan ƙarshe, inda za mu haɗu da Gamboru.

Kwana uku kafin wasan, bayan an tashi atisaye, Babagana ya tsayar da ni. Shi ne shugaban samarin shingen unguwarmu, kuma abokin Modu ne tun daga makarantar allo. Ya gaishe ni da ladabi, ya ja ni gefe ya ce, “Baba Koci, ka san golan Gamboru, Bukar?” Na ce na san shi da gani, gola ne mai kyau. Ya ce, “Yayansa yana daji, kuma ana cewa yana cikin biyun da suka zo shagon baban Modu. Shi Bukar mutanen unguwarsu sun bincike shi sun sake shi, amma ni hankalina bai kwanta ba. Modu ne kaɗai ya ga fuskokinsu, kuma ya ƙi gaya mana komai. To ranar wasa za mu zuba ido. In aka zo gaisawa ya tsallake shi, mun san akwai abin da ya sani.” Na ce masa, “Ɗana, mutum yana iya ƙin gaisawa don haushin wasa kawai.” Ya ce, “Modu bai taɓa tsallake kowa ba, kai ka koya masa.” Ya yi mini sallama ya koma shingensu. Na tsaya a wurin da ragar ƙwallaye a kafaɗa.

Washegari na sami Modu shi kaɗai yana ɗaure takalmi, na zauna kusa da shi. Ban yi kwana-kwana ba, na tambaye shi ko ya ga Bukar a ranar. Ya ce, “A'a. Yayansa na gani. Shi ya sauko daga babur.” Na ce to ai ka ga shi wannan ba ruwansa. Ya ce, “Na sani, Baba Koci. Amma fuskarsu ɗaya, har tsagar goshin. Zan buga wasa, zan yi maka duk abin da kake so a fili. Hannu ne ba zan ba shi ba.” Na gaya masa abin da Babagana ya ce, kalma bayan kalma. Na ce, “In ka tsallake shi, ba zai kwana a gidansu ba. Ka san haka.” Ya ce, “Ni ban nuna kowa ba. Shekara biyu ana tambayata ban nuna kowa ba. Yanzu kuma hannuna ma ba nawa ba ne?” Ya ɗauki ƙwallo ya shiga fili.

A kwana biyun da suka rage ba ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba. Na je wurin masu shirya gasar na roƙi a bar gaisuwar ƙarshe, kowa ya kama gabansa da an tashi, na fake da cewa lokaci zai ƙure saboda dokar hana fita. Wani mai babbar riga ya dube ni ya ce ai gaisuwar ita ce dalilin gasar gaba ɗaya, manyan baƙi za su zo, masu hoto ma an gayyato su. Na je Gamboru wurin kocinsu, wanda tare muka buga a hannun Ba Kyari, na ce ya ajiye golan nan ya sa wani. Ya girgiza kai ya ce, “Lamba biyar, in na ajiye shi a wasan ƙarshe bayan shi ya kawo mu nan, me na gaya wa mutane? Ai na nuna shi ke nan da kaina.” Na yi tunanin ajiye Modu, na ga shi ma fassara ɗaya za a yi masa. Na yi tunanin janye ƙungiyar dungurungum, na ga hakan ma tambaya zai jawo, kuma amsar a kan Bukar za ta ƙare. Duk inda na juya, maganar tana dawowa kan hannun yaro ɗaya.

Ana gobe wasa da la'asar na je gidansu Modu, na yi sallama da mahaifiyarsa, Ya Falmata. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ita tana daga bakin ƙofa da carbi a hannu. Bayan mun gaisa na warware mata komai, na ce ita kaɗai ce in ta yi magana ba zai tsallake ba. Sai ta ce, “Malam, ni na wanke ƙofar shagon nan da hannuna. Ba zan ce wa ɗana ya kama hannun gidan da suka mayar da shi maraya ba.” Na sunkuyar da kai. Ta ci gaba, “Uwar yaron can kuma na san ta, tare muke zuwa awo lokacin ina da cikin Modu. 'Ya'yanta maza biyu ne. Ɗaya ta riga ta rasa shi, ko da yana numfashi. Saboda haka ba zan ce kada ya kama ba. Kai ka raine shi a filinka, kai ka san abin da ka zuba masa.” Na fito daga gidan kaina ya fi nauyi fiye da yadda na shiga.

A filin wata makaranta mai katanga a Galtimari aka yi wasan, don ƙofa ɗaya gare ta, ta fi sauƙin tsaro. Da an idar da azahar aka fara, rana tana dukan tsakiyar kai, saboda kowa ya isa gida kafin doka. A bakin ƙofa ana laluben kowa, ba a shiga da jaka, ba a shiga da kwalba. Ganga ma an hana, wai kada ƙararta ta rufe wata ƙarar. Ban taɓa ganin wasan ƙarshe mai shiru irin wannan ba, har numfashin 'yan wasa kana ji daga benci. Jami'an tsaro suna kan motarsu a ƙarƙashin bishiya, samarin shinge na unguwannin biyu sun zagaye fili da gorori. Babagana ya zaɓi tsayawa daidai layin tsakiya, inda ake jeruwa. Ana cikin rabin farko tayar wata mota ta fashe a titi, kafin ka ce me rabin 'yan kallo sun kwanta a ƙasa, alƙali ma ya durƙusa da usur a baki. Da aka gane taya ce aka tashi ana karkaɗe riga, wasu suna dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ni dai ba zan ce na kalli wasan ba, mutum biyu na kalla. Bukar dogo ne, baƙi, mai manyan hannuwa, kuma daga yadda yake satar kallon gefen fili na gane labari ya kai masa. Duk lokacin da Modu ya nufi ragarsa sai in kama addu'ar kada su yi karo. A zuciyata har roƙo nake Allah ya ba Modu ci, ko daɗin nasara ya sassauta masa zuciya. Sai abin ya zo a juye. Gamboru suka ci mu ɗaya daga bugun kwana jim kaɗan da dawowa hutu, suka koma baya suka tsare gida. Saura 'yan mintuna a tashi aka kwashe ƙafar ɗan wasanmu a cikin da'irar ragarsu, alƙali ya nuna fenariti. Modu ya ɗauki ƙwallo ya ajiye. Shi da Bukar suka tsaya suna fuskantar juna, taku goma sha biyu ne kawai a tsakaninsu, ina ganin Modu ya kafe fuskar golan da ido ya ƙi ɗaukewa. Ya buga da ƙarfin da na tabbata ba raga kaɗai yake nufi ba. Bukar ya faɗi dama ya doke ƙwallon ya fita. Mutanen Gamboru suka ɓarke da ihu, abokan wasansa suka rufe shi, shi kuwa ya tashi bai ko ɗaga hannu ba. Ba a jima ba alƙali ya busa tashi.

Aka kira ƙungiyoyi su jeru. A al'ada gola yana bin bayan kyaftin ne, amma Bukar ya zame ya koma can ƙarshen layinsu, kamar mai neman ƙarin minti ɗaya. Mu da aka ci mu ne za mu bi su muna gaisawa, Modu a gaba. Na bar benci na matso har bakin layi, abin da ban saba yi ba. Na so in kira sunansa, in ce masa wani abu na ƙarshe, sai na ga Babagana yana taku uku daga inda nake, kuma duk abin da na faɗa zai ji. Modu ya fara bi, yana kama hannu yana saki, kansa a ƙasa. Ina ƙirga su a raina, na ɗaya, na biyu, har na goma. Bukar ya riga ya cire safar hannunsa ya maƙale a hammata, ya goge tafinsa a riga ya miƙo tun Modu bai iso ba.

Modu ya tsaya a gabansa, hannayensa a saƙale a gefe. Waɗanda suke bayansa suka taru suka cunkushe, layi ya tsaya. Ba zan iya cewa tsawon lokacin nawa ba ne, mai yiwuwa bai wuce numfashi uku ko huɗu ba, amma na ga Babagana ya sauya riƙon gorarsa daga hannun hagu zuwa na dama, na ga wasu samari biyu sun fara matsowa. Sai Modu ya ɗago kai ya kalli fuskar nan da ya ce ba zai iya kallo ba, ya goge hannunsa a ƙirjin riga, ya kama na Bukar. Da muryar da duk na kusa za su ji ya ce, “Sannu, gola. Ka kama da kyau.” Bukar ya gyaɗa kai. Modu ya saki ya wuce, sauran suka biyo baya. Babagana ya ɗan daɗe yana kallon bayan abokinsa, sannan ya juya ya fara daka wa 'yan kallo tsawa su fita a hankali, lokaci ya tafi. Ni kuwa na zauna a ƙasa a kan layin toka har aka gama ba da kofi.

Bukar ya kwana a gidansu a ranar, da ranakun da suka biyo baya. Bayan wasu watanni na ji ya ɗauki mahaifiyarsa sun koma wurin danginsu a Bauchi, kocinsu ya ce mini har yanzu yana tsaron raga a can. Modu kuwa da safiyar washegarin wasan ya zo gidana da rigar kyaftin a wanke a goge, da takalmansa a leda. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye su a gabana. Na ce mene ne haka? Ya ce, “Na gama, Baba Koci.” Na yi lallashi, na aika manyansa, na ce masa akwai masu neman 'yan wasa daga manyan ƙungiyoyi da suka tambaye ni shi, kuma gaskiya ne sun tambaya. Bai sake taka fili ba. Ya buɗe shagon mahaifinsa ya zauna a kan keken ɗinkin.

Yanzu an ce wasa ya dawo, ana gasa a filayen da suka rage, jikokina suna nuna mini a waya yadda manyan 'yan wasa suke jeruwa suna tafa hannu ba tare da sun kalli juna ba, wani ma ya wuce abinsa, a yi kwana biyu ana surutu a manta. Ba na ganin laifinsu sosai, a wurinsu ba ran kowa a kai. Ni dai har yau in na ga an jeru sai in kama ƙirga hannuwa ba tare da na sani ba. Kuma ban daina tambayar kaina ko ina da hakkin ɗora wa maraya abin da na ɗora masa ba. Abin da aka koya mini gaisuwa ce bayan gwiwar hannu da fasasshiyar gira, ni kuma na ɗauke ta na kai ta inda aka zubar da jinin uba. Na san an tsirar da rai, wannan ba na shakkarsa. Amma ba ni na biya ba.

Bara na kai masa ɗinkin sallah, kamar yadda nake yi duk shekara. Ya yi aure, 'ya'yansa biyu, gemu ya fara cika masa fuska. Yana gwada ni da tef shagon ba kowa, sai na samu kaina ina cewa, “Modu, ka yafe mini abin da na sa ka yi?” Bai daina awon ba, ya rubuta faɗin kafaɗa a takarda tukuna. Sannan ya ce, “Ba ka yi mini laifi ba, Baba Koci. Da za a maimaita ranar, zan sake ba shi hannu, yaron bai yi komai ba.” Ya naɗe tef ɗin a yatsunsa a hankali. Ya ce, “Sai dai har yau in na zauna zan ci abinci da hannun nan, sai na tuna.” Na tsaya da hannuwana a buɗe kamar har yanzu yana awo. Ya ce in sauke, ya gama, in dawo ranar Alhamis in karɓa.